Wata Takwas a Fasfon Direba

Karo na uku ke nan jami'ar ofishin shige da fice tana komawa shafi ɗaya a cikin fasfon, kuma tun a karo na biyu Direba ya daina murmushi. Ta ɗora bakin biro a kan wani hatimi da ya fara koɗewa, ta juyo masa da shi don ya gani da idonsa.

"Malam, ga fita: uku ga Fabrairu, shekara huɗu da suka wuce. Ga shigowa: tara ga Oktoba. Tsakaninsu ban ga komai ba."

"Ai ba za ki gani ba, ranki ya daɗe," in ji shi, yana gyara wuyan rigar da matarsa ta goge masa tun jiya. "Lokacin motar sanyi aka ba ni. Magani, nama, 'ya'yan itace. Mu ba ma bin layin kowa da kowa, namu daban. Takardar kaya kawai ake bugawa, a ɗaga maka hannu ka wuce. Na shigo ya fi sau goma. Masu gadin iyakar nan har iyalina suke tambaya."

Da ɗan alfahari ya faɗi haka, don a wurin direbobin dogon zango wanda ake ɗaga wa hannu a bakin iyaka shi ne ya isa. Sauran suna can a layi kwana biyu, suna shanya wanki a jikin madubi, kai kuwa ka danna oda ka wuce su. Babu wanda ya taɓa zama ya yi tunanin wata rana wata mata mai tabarau za ta nemi hatimin da aka yafe maka.

"Na yarda da kai," in ji jami'ar, kuma da alama da gaske take. "Amma ba ni ce doka ba. Doka ta ce mai neman zama ɗan ƙasa ya yi shekara biyar a jere a nan. Wanda ya wuce wata shida a waje a tafiya ɗaya, shekarunsa sun tsinke, sai a fara ƙirga masa daga ranar da ya dawo. Fasfonka ya ce wata takwas. In muka bi shi, sai ka ƙara shekara ɗaya da rabi."

Shi dai jira ba baƙonsa ba ne. Mutumin da ya taɓa kwana tara a bakin gada saboda takarda guda, shekara ɗaya da rabi ba za ta kashe shi ba. Abin da ya sa gabansa faɗuwa yana zaune a kujerar kusa da shi, ta ɗora jaka a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. 'Yarsa ce ta fari, wadda duk gidan ke kira Likita tun tana yi wa 'yar tsanarta allura da tsinken ashana. Kwana goma sha tara ya rage ta cika sha takwas. Kafin ranar, tana cikin fayil ɗinsa, abin da ya samu ta samu. Bayan ranar kuwa ta faɗo, sai ta kafa nata daga tushe. Gurbin da makarantar koyon likitanci ta ba ta na 'yan ƙasa ne, kuma sun ce a kai shaida kafin ƙarshen wata.

"Me zan kawo?" ya tambaya.

"Takardar hukuma ko ta asibiti, mai kwanan wata da sa hannunka, wadda ta nuna kana cikin ƙasar a tsakiyar watannin nan. Ban da hoto, ban da shaidar abokai." Ta dubi agogon bango. "Fayil ɗin yana teburina har ƙarfe huɗu. In ya bar nan a haka, da jan biro zai haura sama. In ka nemi a ɗage, ba mu da gurbi sai nan da wata biyu."

Likita ta rataya jakarta, suka sauko daga bene. Ita ma ta iya ƙirga kwanaki.

Bas biyu suka hau kafin su kai garejin kamfanin. Warin gas da ƙonannen mai ya tarye su tun daga ƙofa, warin da kullum ke sa Direba ya ji ya zo gida. Mai raba tafiya yana cikin kwantenar da aka mayar ofis, waya a kunne, wata a hannu. Ya saurare su da rabin hankali, sannan ya ajiye wayoyin duka biyu, abin da ba a cika ganin ya yi ba.

"Takardun kaya na shekara huɗu? Haba Direba, kamar ba a gabanka aka sayar da kamfanin nan ba. Sabbin masu shi sun sa an kwashe ɗakin ajiya kaf, yanzu nan ake shan shayi. Kwamfuta kuwa daga bara waccan ta fara sanin mutane."

"Kwastan fa?"

"Za su ba ka kwafi. Ka cike fom, ka dawo bayan sati uku."

Kafin ka ce me, labari ya zagaye garejin. Direbobi suka taru a bakin kwantenar, kowa na rantsuwa ya gan shi a watannin nan, wani ma har da cewa tare suka canza taya a watan Yuli. Rantsuwarsu ba ta da hatimi. Tsohon bakaniken garejin ya turo kansa daga ƙarƙashin wata tirela, yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti.

"Ka ga illar kirki ke nan," in ji shi. "Da irinmu ne da 'yan sandan hanya suka haddace sunanmu, da yanzu an jero maka takarda goma, kowace da kwanan wata. Amma kai Farin Lasisi, shekara ashirin da biyu ko tari ba ka taɓa yi a titi ba."

Ya nuna bango da sufana. Can a saman allon raba tafiya takardar yabon take rataye cikin gilashi, wadda kamfani ya ba shi don bai taɓa yin laifin hanya ba. Kowa ya yi dariya, har Likita ta ɗan murmusa. Direba bai yi ba.

Abin da babu wanda ya sani a garejin shi ne, farin lasisin nan yana da ɗigo. A shekarar da ake magana, ranar raba kyaututtuka a makarantar Likita, ya saki hanyarsa da tirela cike da kaya ya kutsa cikin ƙaramin layin makarantar, inda allo ya hana babbar mota shiga ƙiri-ƙiri. Ɗan sandan hanya ya rubuta masa takarda. Laifin tsayawa ne, ba ya hawa kan lasisi, don haka kamfani bai ji ba. Ya biya tarar a ranar, ya ja bakinsa ya tsuke, takardar kuma ya neme ta daga baya ya rasa, har ya gode wa Allah da ta ɓata. Yanzu ga shi da zai ba da haƙorinsa na gaba a kan ya gan ta.

Ƙarfe ɗaya ta wuce suka isa gida. Tun daga hawa na biyu ake jin ƙarar keken ɗinki, don Uwargida labule take ɗinka wa shaguna, kuma falon ya cika da yadi har kan kujeru. Ta ɗaga kai ta dube su, ta ɗauke ƙafa daga kan keken.

"Wa ya mutu?"

Likita ce ta yi bayani, tiryan-tiryan, kamar tana karanta sakamakon gwaji. Suka zazzage akwatin takardu a tsakar ɗaki. Takardar haya shekara kawai ta nuna, babu rana. Katin asibiti na yara ne, kuma duk sa hannun Uwargida ne a kai, don ita ce ke gida. Direba kuwa a watannin nan ko ciwon kai bai yi ba, lafiyar da yau ya ji kamar ya yi mata tsaki.

"Baba, ai ka zo ranar kyautarmu a watan Mayu," in ji Likita, tana tattara takardun. "Ko da yake bayan an tashi ka iso. Ka ce biyowa ka yi. Da ma a ce ka sa hannu a littafin baƙi."

Ya ƙura wa akwatin ido kamar zai haifi wata takardar.

Uwargida ta dube shi tsawon lokaci, irin kallon da take yi wa yadi kafin ta sa almakashi. Sai ta jawo aljihun keken ɗinkin, ta kwashe zarurruka da allurai, ta ɗaga wani kwali da ke shimfiɗe a ƙasa. Ta zaro wata takarda rawaya, naɗe huɗu, ta ajiye masa a gwiwa.

"Wannan za ta yi?"

Ya gane ta tun kafin ya buɗe. Ashirin ga Mayu. Lambar motarsa, lambar lasisinsa, hatimin 'yan sanda, ga kuma sa hannunsa a ƙasa, a karkace don haushi.

"A ina kika... tun yaushe?"

"A aljihun wandonka, ranar wanki. Shekara huɗu ke nan." Ta koma ta zauna, ko a jikinta. "Kullum ka zauna ka cika mana kunne, ni Farin Lasisi, ni ba a taɓa ɗaga mini biro ba. Na ce bari in ajiye ta, ranar da cika bakinka ya kai mini nan," ta nuna wuya, "sai in shimfiɗa maka ita a gaban baƙi. Sau uku ina buɗe aljihun nan ina fasawa. Ka gode wa haƙurina, Baban yara."

Likita ta yi tsalle har jakarta ta faɗi. "Mama! Takardar hukuma ce! Da kwanan wata! Baba, tashi mu tafi!"

Bai tashi ba. Farin cikin da ya taso masa ya gushe, don ya tuna wani abu.

"Akwai tambaya a fom ɗin," ya ce a hankali. "Ko an taɓa rubuta maka takardar laifi, komai ƙanƙantarsa. Na ce a'a. Na sa hannu."

Dukansu sun karanta gargaɗin da ke ƙasan fom ɗin da manyan baƙaƙe: wanda aka kama da bayanin ƙarya, an rufe masa ƙofa shekara goma. Takardar da za ta nuna yana gida, ita ce za ta nuna ya yi ƙarya.

"To a bar ta," in ji Likita. "Baba, ka jira shekara ɗaya da rabin. Kai da Mama da su Auta duk za ku samu. Ni sai in nemi wani karatun. Kar a rufe wa gida duka saboda ni."

Ya dube ta. Yarinyar da ya fi gani a fuskar waya, yana wata ƙasa yana cin abinci a kan sitiyari, ita ce yau take ba shi shawarar ya tsira da kansa. Kunya ta kama shi, mai zafi, irin wadda bai taɓa ji a gaban ɗan sanda ba. Ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaba, ya miƙe.

"Ɗauki jakarki."

"Baban yara," in ji Uwargida, tana miƙa masa hularsa, "kar ka jira ta gano. Kai za ka fara faɗa. Kuma don Allah kar ka ba ta labarin masu gadin iyaka."

Uku da minti ashirin suka sake zama gaban jami'ar, suna haki don lif ta ƙi zuwa sun bi matakala. Direba ya ajiye takardar a kan tebur, amma bai ɗauke tafin hannunsa daga kanta ba.

"Ranki ya daɗe, kafin ki duba, ina da magana. A fom ɗina na ce ba a taɓa rubuta mini takardar laifi ba. Ba gaskiya ba ne. An taɓa, sau ɗaya. Ga ta."

Jami'ar ta sauke tabarau zuwa kan hanci. Ta buɗe fayil, ta nemo shafin, ta karanta tambayar da amsar, sannan ta ɗago.

"Mantawa ka yi?"

Ga ƙofa an buɗe masa, e kawai zai ce ya wuce.

"A'a. Ina sane. Kunya ce. A wurin aiki ana kirana Farin Lasisi, har takarda suka ba ni cikin gilashi. Na faɗi abin sau da yawa har na fara yarda da shi."

Ta shiga buga biro a gefen tebur. Direba ya ji kowace bugawa a ƙirjinsa. Ya taɓa saukowa daga kan dutse da birki yana hayaƙi, amma ko ranar zuciyarsa ba ta yi irin wannan gudun ba.

"Malam, da ni na gano, da ƙarya ce," ta ce daga ƙarshe. "Da ka faɗa da bakinka kafin in sa hannu, gyara ne, kuma doka ta ba ka wannan damar. Soke a'a, rubuta e, sa hannu a gefe da kwanan watan yau. Laifin tsayawa ba ya hana kowa zama ɗan ƙasa. Ɓoye shi ne kan hana."

Hannun da ke juya tirela mai taya goma sha takwas ya ɗauki biro. Ya soke, ya rubuta, ya sa hannu. Jami'ar ta jawo takardar rawaya ta warware ta, ta duba hatimin a hasken taga, ta fara shigar da ita a kwamfuta tana karantawa a fili, yadda ma'aikata kan yi don kar su tsallake layi.

"Ashirin ga Mayu. Shiga layin da aka hana manyan motoci, da tare ƙofar makaranta. An fara gargaɗi ƙarfe goma saura kwata." Ta juya bayan takardar. "Bayanin jami'i. An umarci direba ya matsar da mota sau huɗu. Direba ya ce a rubuta duk abin da za a rubuta, ba zai motsa ba sai ya ji an kira sunan 'yarsa a lasifika. An rubuta takarda sha ɗaya da rabi."

Ta tsaya. Ta sake karanta layin a zuci, ta kalli Direba, ta kalli yarinyar da ke kusa da shi. Likita ta toshe baki da hannu. Shi kuwa ya tsura wa wani kalanda da ke bango ido, kamar ba a taɓa buga irinsa ba.

Jami'ar ta yi gyaran murya ta koma ga aikinta.

"Daga uku ga Fabrairu zuwa ashirin ga Mayu, wata uku da rabi. Daga nan zuwa tara ga Oktoba, bai kai biyar ba. Babu tafiyar da ta kai wata shida." Ta ɗauko hatimi, ta danna shi a tawada, ta sauke shi a kan fayil ɗin da ƙarar da Direba bai taɓa jin mai daɗinta ba. "Rantsuwa ranar Alhamis ta sama, ƙarfe tara. Kai da duk wanda ke cikin fayil. Saura kwana nawa ta cika sha takwas?"

"Sha tara," suka ce tare.

"To kun iso da sauran hanya. Malam, kafin Alhamis ɗin nan ko bakin iyaka kar ka leƙa, ko hannu goma za a ɗaga maka."

"Ranki ya daɗe, ko bakin titi sai da dalili."

Ta sa takardar rawaya a cikin fayil. Likita ta miƙe tsaye, ta sake zama, sannan ta yi ta maza.

"Don Allah, za a iya ba ni kwafi? Gaba da baya."

Jami'ar ba ta tambayi dalili ba. Ita da kanta ta tashi ta je wurin injin.

A kan matakalar waje Direba ya kira gida. "An yi," kawai ya iya cewa. Ihun da Uwargida ta saki sai da ya janye wayar daga kunne, har wani mai wucewa ya waiwayo. Ta yi hamdala ta fi a ƙirga, ta yi kuka, ta yi dariya, sannan ta tambaya ko an dawo mata da takardarta.

"Ta zama ta gwamnati."

"Oh ni! To yanzu da me zan riƙe ka?"

Bas ɗin komawa ya cika da masu tashi daga aiki, amma suka samu kujera biyu a baya. Direba ya baje, ya ji daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa, irin na wanda ya sauke kaya lafiya bayan tafiyar kwana goma. Likita ta shimfiɗa kwafin a kan jakarta, tana bin rubutun ɗan sandan da yatsa. Sun wuce tasha uku kafin ta yi magana.

"Shekara huɗu ina cewa makara ka yi."

"Ba zan iya barin motar ba, ga kaya, ga mutumin nan tsaye a kaina. A bakin get na tsaya." Ya ɗan yi tsaki. "Su ma malaman naku, sai da suka fara tun daga 'yan aji ɗaya."

"Da ka faɗa mini, Baba."

"In ce miki me? An kama ni?"

Ta yi dariya, hawaye na zubo mata, ba ta damu ta share ba. Ta naɗe kwafin a hankali ta sa a cikin jaka.

"Na ɗaya na zo ranar," ta ce.

"Sau biyu aka kira ki," in ji shi, yana kallon taga. "Lissafi, sannan kimiyya."